Bashin da Kaka Ke Bin Mu

Ƙannena da 'ya'yana, samari da 'yan mata,

Da wuya ka shiga gida a ƙasar Hausa ba ka tarar da wata Ummi, ko Mama, ko Iya, ko Hajiya 'yar shekara uku tana wasa a tsakar gida ba. Kowa ya san dalili. Sunan kakarta aka sa mata, iyayenta kuwa ba za su iya buɗe baki su kira sunan mahaifiyarsu gatsau ba, sai a sakaya. Al'ada ce mai kyau, Allah ya bar mu da ita. Amma ku gwada tambayar waɗannan yara bayan sun yi hankali: wace ce mai sunan? A wane gari aka haife ta? Da wace sana'a ta ciyar da mahaifinki? 'Ya'ya nawa ta binne kafin ta samu wanda ya tsaya? Mafi yawansu za su ce, "Allah ya jiƙanta, an ce mutuniyar kirki ce." Shi ke nan, magana ta ƙare. Addu'ar ta yi daidai. Sai dai matar da ta share shekara sittin tana ɗawainiya da zuriya ta fi ƙarfin a taƙaita ta a kalma biyu.

Zan ba ku labarin tawa kakar, wadda ta haifi mahaifina, domin ku ga irin abin da ke ɓacewa idan ba wanda ya riƙe.

Mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Ƙaraye, kudu maso yamma da birnin Kano. Ba ta san shekarar da aka haife ta ba, kuma abin bai taɓa damunta ba, domin tana da nata lissafin. Takan ce tana goyon fari Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu, wato 1953 ke nan. Ta yaye na biyu shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, 1956. Labarin kashe Sardauna a 1966 ya same ta a bakin murhu cikin watan azumi, ta ce ranar har mazan da ba a taɓa ganin hawayensu ba sun yi kuka. Daga bakin mahaifiyarta kuma ta ji labarin Kakalaba, yunwar nan ta 1914, da yadda mutane suka riƙa haƙa gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Idan ka zauna da ita dare ɗaya, ka bi ta cikin tarihin shekara ɗari ba tare da ta san tarihi take koya maka ba.

Kakanmu ya rasu a 1973, shekarar da aka daina kashe fam da sule aka koma naira da kwabo, kuma shekarar da fari ya ƙone amfanin gona daga ƙasar Kano har Nijar da Chadi. A cikin wannan fari ta yi takabarta, wata huɗu da kwana goma, da rumbun da bai kai rabi ba da yara a gabanta. Da ta fita takaba manema sun zo, domin a lokacin ba ta tsufa ba. Ta ce a'a. Ba ta ce aure laifi ne ba, kuma ba ta taɓa zargin wadda ta sake yi ba. Hujjarta ɗaya ce: in ta tafi wani gida za a rarraba yaran a dangi, wannan a kai shi can, waccan a kai ta can, ita kuwa ta ga yadda maraya ke cin tuwo a gidan da ba nasu ba.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wanda bai taɓa ganin yadda ake yi ba sai ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Kafin kiran assalatu ta hura wuta. A soya gyaɗa a kasko, a murje, a sheƙe ɓawon da faifai, a daka a turmi, domin injin niƙa bai iso garin ba sai daga baya. Sannan a zo ga mai wuyar: juya markaɗen ana yayyafa ruwan zafi, ana juyawa, ana dannawa, har mai ya taso. A kwashe man a ɗura a kwalabe, tunkuzar kuma a mulmula ta a soya a cikin man nata. Duk wannan aikin, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Jarinta tiya kaɗan ne na gyaɗa, kuma ba ta taɓa yarda ta ci uwar kuɗi ba, ko da za a kwana da kunu. Da cuta ta afka wa gyaɗa a 1975 ta lalata amfanin ƙasar Kano, gyaɗar ta yi tsadar da ba ta sayuwa, sai ta koma daddawa da surfe a gidajen masu hali har abin ya daidaita. Yatsunta sun lanƙwashe tun ba ta kai sittin ba. Ni da su na san ta, har na ɗauka haka aka halicce ta.

Ku lura da yadda irin waɗannan mata ke sarrafa kuɗi, domin akwai ilimi a ciki. Ribar yau ta shiga adashi. Ɗaukar adashi ta sayi akuya. Akuya ta haihu, a bar macen a sayar da namijin lokacin Sallah. Kuɗinsa ya zama kwanon jere, kwano bisa kwano, har ranar da 'ya za ta tashi aure a tarar da kayan ɗakinta sun haɗu. Ga kuma biki: duk ƙawar da ta kawo mata gudummawa ranar suna ko aure, tana riƙe da lissafin a ka, ranar nata bikin kuma ta mayar da ninki. Ba takarda, ba alƙalami, kuma ban taɓa jin an ce ta cuci wani ko ta manta da kwabon wani ba. Da wannan ta aurar da 'ya'yanta mata, da wannan ta saya wa ƙanin mahaifina littattafai lokacin da aka buɗe makarantun firamare kyauta a 1976, duk da cewa ita kanta ba ta gama yarda da boko ba. Sharaɗinta kawai kada a bar allo.

Ba 'ya'yan cikinta kaɗai ta riƙa ba. Akwai 'yar kishiyarta da uwar ta fita ta bari. Akwai marayan ƙaninta. Akwai almajiran da suka yi shekaru ƙwaryarsu tana gefen murhunta, waɗanda wasunsu har suka zama magidanta suna zuwa gaishe ta da goro. Mu jikoki kuwa, kusan duk a ɗakinta aka yaye mu. Ita ta sha kukan daren farko, ita ta dama kunu, ita ta goya har muka haƙura.

Kada ku ɗauka wannan matsayi al'ada ce kawai ta ba ta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan haƙƙin renon yaro ya bar hannun uwa, kakarsa ta wajen uwa ce ke biye, kafin a je ga wasu. A rabon gado ma kaka tana da sudusi idan babu uwa. Shari'a ta san da ita, ta ajiye mata gurbi.

Akwai wata hikima a zaman Bahaushe da nake tsoron kada ta ƙare a zamaninku. Tsakanin iyaye da 'ya'ya akwai kunya, musamman ɗan fari, wanda uwa ba ta kiran sunansa, wani lokaci ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. To, inda aka ja labule ta nan, sai aka buɗe ƙofa ta wajen kaka. Jika namiji mijinta ne, tana binsa kuɗin cefane tun yana tsumma. Jika mace kishiyarta ce, kullum cikin gorin iya girki suke. A cikin wannan wasa ake faɗin maganar da ba ta faɗuwa a ko'ina. Yarinyar da aka matsa mata da wanda ba ta so, ɗakin kaka take kai kukanta, kuma kaka ce kaɗai ke iya kiran maigida da sunansa na yanka ta ce masa bai isa ba. Saurayin da ya yi ɓarna yana tsoron haɗuwa da ubansa, bayan kaka yake laɓewa. Na ga auren dole da kakata ta warware da magana ɗaya, bayan duk mutanen gida sun yi shiru. Yau da yawanku kuna kai damuwarku ga baƙin da ba ku taɓa gani ba a waya, alhali ga wadda ta san ku tun ranar da aka yanke muku cibi tana zaune ita kaɗai a ɗakin baya.

Bari in kawo muku wata tsohuwa da duniya ta san labarinta, domin ku gane cewa maganar da nake yi ba ta son zuciya ba ce. Sunanta Baba, mutuniyar Karo, kusa da Zarewa, ba nisa da inda kakata ta fito. An haife ta wajen 1877, tun kafin Turawa su ci ƙasar. Ta ga zamanin hare-hare da kamun bayi, ta ga zuwan Nasara, ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su. A tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, wadda ta zo ƙasar Zazzau tare da mijinta mai binciken zaman jama'a, ta zauna da ita na wasu makonni tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau duk mai son sanin yadda matan Hausa suka rayu a wancan zamani, a jami'o'in gida da na waje, sai ya bi ta kansa. Baba ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce, ba ta fi kakanninmu komai ba. Abin da ya bambanta ta da dubban tsofaffin zamaninta shi ne an samu wadda ta zauna ta saurara. Sauran duk sun tafi da nasu cikin ƙasa. Abin yana yi mini ciwo cewa sai da baƙuwa ta tsallako teku kafin a yi wannan aiki, mu kuwa da ke kwana gida ɗaya da irin su Baba muna ganin surutun tsufa ne.

Magabatanmu ba su raina tsofaffin mata haka ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta tashi isar da karatu ga matan ƙauyuka, dattawan mata ta zaɓa ta naɗa su a matsayin jaji, su ke jagorantar matan da ake kira 'Yan Taru su zo su karɓi karatu su koma su koyar. Ta san wanda ake jin maganarsa a cikin gida. Kakata ba ta iya karanta baƙi ba, amma farillan alwala, da abin da ke karya azumi, da yadda ake wankan gawa, duk tana da su a ka, kuma daga bakin tsofaffin mata ta ɗauka. Fatiha da ƙananan surori a cinyarta na fara jin su, kafin a kai ni gaban malam.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Son kaka lokacin da take da ƙarfi, tana ɓoye maka ƙosai a ƙarƙashin faifai, ba wani abin yabo ba ne. Jarrabawar tana zuwa ne ranar da ƙafa ta ƙi, ido ya dushe, fitsari ya daina riƙuwa, ta fara maimaita labari ɗaya sau biyar kafin azahar. Tawa ta kai wannan matsayi. A shekarunta na ƙarshe takan kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu tun kafin a haife ni, takan tashi tsakar dare ta ce za ta tafi gidansu, wani lokaci ta zargi wadda ke yi mata hidima da satar kuɗin da ita ta ɓoye ta manta. Ku sani, wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke zuwa wa wasu da tsufa, likitoci sun san shi. Ba iskanci ba ne, ba neman fitina ba ne, kuma ba maita ba ce. Ina nanata wannan domin a garuruwanmu an sha jifan tsohuwar da ta ruɗe da wannan mummunan suna, yara su bi ta da duwatsu, manya suna kallo. Matar da ta yi wa rabin unguwa wankan jego ta ƙare a haka! Duk wanda ya sa baki ko hannu a irin wannan ya ɗauki alhakin da ba zai iya sauke shi ba. Idan ta maimaita labari, ku saurara kamar yau kuka fara ji. Idan ta kira ku da sunan wani, ku amsa. Ku duba maganinta na hawan jini ko na suga kada ya yanke. Ku yanke mata farce, ku shanya mata shimfiɗa, kuma kada a bar duk nauyin a kan mace ɗaya a gidan don kawai ita ce ba ta iya cewa a'a. Samari, da ku nake musamman: ɗaukar kaka a fitar da ita ta sha hantsi bai rage wa kowa mazantaka ba.

Girmama ta kuma ba ya nufin duk abin da ta ce a jiki daidai ne. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura cewa yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙasa lokacin jego suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Kakanninmu da ƙauna suke yin waɗannan abubuwa, abin da suka gada ke nan. To, idan likita ya hana, a bi likita. Amma akwai yadda ake faɗa. Kada ki ce mata, "Ku ai ba ku san komai ba." Ki ce, "Iya, likita ya ce jinina ya hau, ya hana ni kanwa, ki dama mini na gyaɗa." Za ki ga ta fi kowa tsare dokar, domin lafiyarki take so tun farko.

Wanda kakarsa ke raye, ga abin da nake roƙonsa. Ya tambaye ta sunan mahaifiyarta da na kakarta, da garin da suka taso, da abin da ya taso da su. Ya tambayi ma'anar tsagar da ke fuskarta, domin ita ce takardar asalin gidansu, kuma daga kanta aka daina yi. Ya tambayi yadda aka yi aurenta, da 'ya'yan da suka rasu da sunayensu, domin ba wanda ke ambatonsu sai ita. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku nemi izininta, ku ajiye wayar a gefe, ku bar ta ta yi ta zuba, kada ku katse ta don ta saki hanya, sau da yawa a can gefen hanyar ne abin yake. Sannan cikin hikima ku san wa take bi bashi, wa ke bin ta, ajiyar wa ke hannunta. Tsofaffin mata su ne ma'ajiyar unguwa, kuma amanar mutane da yawa ta salwanta saboda mai riƙon ta tafi ba wanda ya tambaya.

Wanda tasa ta riga mu gidan gaskiya, aikinsa bai ƙare ba. Sanya hotonta a Facebook mutane su rubuta "Allah ya jiƙanta" ba laifi ba ne, amma shi ne mafi arhar abin da za a yi mata. A fara da bashi, domin shari'a ta gabatar da biyansa a kan rabon gado, ko da kuɗin adashi ne ko na mai goro. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa aikin mamaci yana yankewa sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Jika yana cikin wannan. Ba sai kana da kuɗin gina masallaci ba. Randar ruwa a ƙofar gida, bishiyar da za a sha inuwarta, kuɗin makarantar wani maraya, tuwon almajirin da ta saba ba shi, duk suna isa gare ta da yardar Allah.

Sai kuma zumuncinta. Wannan shi ne abin da ya fi saurin mutuwa bayan kaka. Ita ce ta san cewa mutanen wancan ƙauyen 'ya'yan ƙanwar kakanku ne, ita ke aika musu da daddawa, ita ke tilasta a je musu gaisuwar mutuwa ko da damina ta yanke hanya. Ranar da ta tafi, in ba a samu wanda ya ɗauka ba, cikin shekara goma sai jini ɗaya su haɗu a kasuwa ba su san juna ba. Zumunta a ƙafa take. Bayan rasuwar kakata mun ci gaba da zuwa gaida wata ƙawarta, wadda suka yi ƙawance tun suna 'yan mata. Duk zuwan da muka yi sai ta ba mu wani labarin da ba mu taɓa ji ba. A bakinta muka ji cewa a shekarar farin nan kakarmu takan ce wa yara ta riga ta ci a madafa, alhali ba ta sa komai a bakinta ba. Mahaifina yana cikin waɗanda aka faɗa wa haka, kuma bai san gaskiyar ba sai da furfura ta cika masa gemu.

Saboda haka kada ku jira Sallah, kada ku jira hutun makaranta. Mai kaka a raye, ta wajen uwa ko ta wajen uba, ko ma tsohuwar da ta riƙi mahaifinsa ba ita ta haife shi ba, ya shirya ya je cikin makon nan, ya riƙe mata ɗan abin da ya samu, ya zauna ya daɗe. Wanda tasa ta rasu, ya nemi wanda ya fi kowa tsufa a danginta tun yana da sauran magana a baki, ya tambaye shi, ya rubuta, ya karanta wa ƙannensa. Allah ya gafarta wa kakanninmu da suka rigaye mu, waɗanda ke raye kuma ya ba mu ikon yi musu hidima.